Bidin Alhaji da Dawakin Bersai

A wata unguwa ta garin Magariya, wajen hanyar da ta nufi Tinkim, akwai wani gida mai zaure biyu wanda duk mai wucewa masallaci da asuba yakan ji haniniya daga cikinsa. Maigidan dattijo ne da ya ba shekara 70 baya, tsohon mai awon gyaɗa, wanda ƴan unguwa ba su kiransa da wani suna sai Alhaji. A bayan zaure na biyu akwai turke, a turken kuwa akwai wani bidi ɗan shekara 9, shi ne na ƙarshe cikin dawakin da aka ɗaure a wurin tun zamanin kakan Alhaji. A da turaku huɗu ne a jere. Biyu yanzu tumaki ke kwana a gindinsu, ɗaya kuma an tuge shi don a sami wurin jingine moto.

Da daminar 2024 wannan bidi ya zama abin magana a gidan, irin maganar da ake yi ƙasa-ƙasa idan maigida ya fita. Babban ɗan Alhaji ɗan kasuwa ne mai kai da kawowa tsakanin Magariya da Kano ta Babura, bai kuma gama farfaɗowa ba daga rufe iyakar da aka yi tun Agustan 2023 har Maris na 2024, ga faɗuwar naira da ta cinye masa rabin albarkar bashin da yake bin mutanen kudu. Shi ya yi lissafin, kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai yi. Tiya guda ta hatsi kullum, a watan da gidaje da yawa ke neman rabin tiya su rasa. Harawa, wadda sai an saya tun kaka an ɗora bisa rumfa. Dusa da kanwa. Ladan yaron da ke yankan ciyawa. Magani in ya yi tari. Abin da dokin ke biya da shi kuwa bai wuce fita biyu a shekara ba, ƙaramar salla da babba, sai ko in an yi aure a dangi an zo aro. A ganinsa maganin abin ɗaya ne, a ja shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda dillalai ba su barin doki mai kyan gani ya kwana. Lissafin daidai yake. Matsalarsa kawai ba a sami wanda zai tsaya gaban Alhaji ya karanta masa shi ba, domin a gidan Bahaushe ɗa ba ya buɗe baki ya ce wa ubansa ya sayar da dokinsa.

Sai aka bi ta hannun ƙanensa, mushen lakkol a wani ƙauye na ƙasar Dungas, wanda ya zo gida hutun damina. A ƙarshen watan Yuli na wannan shekara ana wasannin Olamfik a Paris, an kuma kai wasannin dawaki filin fadar Bersai, gidan sarakunan Faransa na da. Mushe ya sauko da hotunan gasar cikin wayarsa, ya riƙa kawo wa tsohon bayan la'asar, kwana uku a jere. Niyyarsa, in za a faɗi gaskiya, ta wuce nishaɗi. So yake Alhaji ya gani da idonsa cewa riƙon doki a wannan zamani aikin ƙasashe masu arziki ne, masu likitoci da ciyawa kore da jirgin sama na ɗaukar dabba, ya kuma gane da kansa cewa abin da ya rage a bayan zaure wahala ce kawai. Abin bai tafi yadda ya tsara ba.

Gasar da suka kalla ita ce wadda Faransawa ke kira concours complet, wato cikakkiyar gasa, ya kuma kamata mai karatu ya san yadda take kafin ya ji abin da tsohon ya ce. Doki ɗaya da mahayinsa ne ke shiga jarrabawa uku, ba a raba su. Ranar farko ta ladabi ce: a cikin fage mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20 doki zai yi tafiya da sassarfa da sukuwa mai natsuwa, ya juya, ya ratsa a karkace, ya tsaya cik, duka bisa tsarin da aka rubuta tun da farko, alƙalai uku suna zaune suna ba da maki. Rana ta biyu ta ratsa daji ce. A Bersai tazarar ta ɗan haura kilomita 5, lokacin da aka ba da minti 9 ne da ƴan daƙiƙu, a hanya kuma an gina shingaye kusan 30 waɗanda yawancinsu ba su faɗuwa in an taɓa su, gungumai da ramuka da gangara da ruwan da sai an faɗa cikinsa an fita. In doki ya turje sau ɗaya an ci shi tarar maki 20, in ya yi sau uku ya fita, in mahayi ya faɗi ma ya fita. Rana ta uku ta tsallake sanduna ce a cikin fage, kowace sandar da ta faɗi maki 4. Wanda tararsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Maza da mata tare suke karawa, ba a ware musu gasa: tawagar Ingila da ta ɗauki zinariya mutum uku ne, biyu mata. Faransa ta zo ta biyu, Japan ta uku, a gasar mutum ɗaya kuwa Bajamushe Michael Jung ya ci karo na uku, bayan na 2012 da na 2016.

Ranar farko Alhaji da raini ya fara. «Ina kayan dokin? Sun fito da shi tsirara kamar za a kai shi wanka.» Da ya ji cewa yawancin dabbobin dandaƙaƙƙu ne ko goɗiyoyi sai ya yi dariya har da tari, domin a inda ya tashi namiji ba ya hawa goɗiya zuwa fada. Amma ba a jima ba ya yi shiru, ya matso da wayar kusa da idonsa. «Mushe, mayar da shi baya. Hannun yarinyar nan nake kallo. Ba ta ja ba, ba ta soka ba, ya kuwa juya.» Wanda ya san linzamin ƙasar nan zai gane abin da ya kama shi. Ƙarfe ne mai harshe a cikin baki da zobe mai kewaye haɓa, wanda murɗa hannu kaɗan ya isa ya tsai da ingarma a tsakiyar sukuwa, shi ne kuma ke ba da zamiyar nan da ake yi gaban sarki wajen jahi, ƙura ta tashi, mata su yi guɗa. Yana da dalilinsa: mai mashi a dama ba shi da hannu biyu na lallashin doki. Sai dai mahaifin Alhaji yakan ce dokin gwani daga hawa yake dawowa bakinsa tsaf, don ƙarfen tsoronsa ake so dabba ta ji, ba zafinsa ba. Duk wanda ya tsaya bakin hanya ranar salla a ƴan shekarun nan ya ga samari suna dawowa da dawaki kumfar bakinsu ta yi ja, suna kuma ɗaukar wannan jarumta ce.

Rana ta biyu ya tashi zaune daga kishingiɗar da yake. Wannan kam, in ji shi, ya san ta, hanyar ƙauye ce da damina. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gyaɗa ke riƙe da Magariya, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye, dalar buhuna tana tashi a bakin gari, shi yaro ne da ake aikawa a kan dokin ubansa ya kai wa manoma kuɗin bashi a ƙauyukan Bande da Washa, a watannin da babu motar da ke iya ratsa rairayi da fadamun Korama. Ya sha isowa bakin ruwa da magariba, bai san zurfinsa ba, da jakar kuɗin mutane a ɗaure a ƙugu. Ya ce dokin da ya faɗa ruwan da bai ga ƙasansa ba yarda ce ta sa shi, ƙaimi ba ya wannan aiki, yarda kuwa shekaru ake yi ana gina ta.

Amma abin da ya fi taɓa shi duka ba a cikin jarrabawa ukun yake ba, Mushe ma saura kaɗan ya wuce shi don yana ganin ba abin kallo ba ne. Da safiyar rana ta uku, kafin a shiga tsallake sanduna, akan fito da kowane doki ba sirdi, mahayinsa a ƙasa yana gudu tare da shi a kan ƙasa mai tauri, alƙalai da likitan dabbobi suna tsaye suna kallon ƙafafunsa. In ya yi ɗingishi ya fita ke nan, komai bajintar da ya yi jiya. A Bersai haka ta faru ga ƴan Japan: dokin ɗayansu bai wuce wannan dubawa ba, aka janye shi, aka ci tawagar tarar maki 20 don ta sa wani a madadinsa, duk da haka ta sami tagulla, lambarta ta farko a wasan doki tun 1932. Alhaji ya ajiye wayar a kan buzu. Ya ce haka ubansa ke yi, ba bambanci ko kaɗan. In an dawo daga doguwar tafiya ba mai yabon doki a wannan dare. Da asuba tsohon zai kwance shi da kansa, ya sa yaro ya ja shi da sassarfa a ƙofar gida, ya shafa ƙafafun daga gwiwa zuwa kofato yana neman zafi, ya duba ko ya cinye hatsin dare. «Ranar fita kowane doki jarumi ne. Kashegari ake sanin wanda ya iya hawa.» Da aka gaya masa cewa dokin Bajamushen da ya ci gasar shekararsa 16, bai ce komai ba, sai ya waiwaya wajen turke.

Ba abin mamaki ba ne tsohon da bai taɓa wuce Makka da Kano ba ya gane wasan Nasara a kallo ɗaya, domin tushensu ɗaya ne, yaƙi. Sojojin dawakin Faransa ne suka shirya gasar farko ta wannan iri a 1902, suka kira ta gasar dokin yaƙi. A 1912 ta shiga Olamfik a birnin Istokholm, hafsoshin soja kaɗai aka yarda su hau, a cikin jarrabawar kuma akwai tafiyar kilomita 55, wato fiye da rabin hanyar Magariya zuwa Zinder. Mace ba ta shiga ba sai a 1964. Abin da hafsoshin ke nema a sani a fili yake: ko doki zai bi umarni a cikin sahu, ko zai kai saƙo ta daji ba tare da ya zaɓi hanya ba, ko kuma gari zai waye ya same shi da sauran amfani.

Waɗannan tambayoyi uku su ne Kaura da Shamaki ke yi wa dawakin Damagaram. Ƙasar nan ta daɗe da sanin dokin yaƙi. Tarihin Kano ya ce tun wajen 1400 Sarki Kanajeji ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Magariya kanta a kan sirdi aka kafa sarautarta, reshe ce ta tsohon gidan Daura wanda jihadi ya fitar daga birninsa a farkon ƙarni na 19 ya watsu zuwa Yekuwa da Zango da Baure, kamar yadda Dungas da Washa suke cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki, dukansu kuma suka shiga ƙarƙashin Zinder a wannan ƙarni. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye birninsa da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa, amma ƙarfinsa na fita waje barade ne. Ɗansa Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, hanyar Kano kuwa ta kudancin nan ta bi. Dokin da zai ɗauki ɗan lifidi da nauyin audugarsa daga Zinder zuwa can, ya yi karo, ya dawo da ƙafafunsa, an yi masa jarrabawar da ta fi ta Istokholm. A ƙarshen Yulin 1899, shekara 125 cif kafin makon da Alhaji ke kallon waya, waɗannan barade suka gamu da bindigogin ayarin Faransa a Tirmini, yamma da Zinder, aka gama da su cikin yini ɗaya. Shekara 15 bayan haka, a 1914, sojojin dawakin Faransa su ma suka gamu da bindiga mai ruwa a ƙasarsu, suka koyi darasin da suka koya wa wasu.

Daga nan hanyoyin suka rabu. Nasara, da suka ga dokin yaƙi ya rasa aiki, sai suka tuɓe masa kayan yaƙin suka riƙe jarrabawar, suka rubuta ta, suka sa mata alƙalai. Suna da abin dogaro: gidajen kiwon dawaki na gwamnati da aka kafa a Faransa tun 1665, littattafan nasaba inda ake rubuta uwar kowane doki da ubansa, da makarantar Somur wadda ta tashi daga hannun soja ta koma ta wasanni a 1972. A Ingila wani basarake ya buɗe filinsa na Badminton a 1949, har yau kuma ana taruwa can. A nan kuwa kayan aka riƙe, lifidi da jalala da alkyabba da kuge, jarrabawar aka saki. Ba sakaci ne ya fara kawo haka ba. Har shekarun 1970 doki yana aiki: kwamanda da gardinsa sun yi rangadi a kansa, sarakuna sun karɓi haraji a kansa, ƴan kasuwa sun bi bashi a kansa, rayuwa da kanta ke jarraba shi kullum, ba wanda ya ga dalilin rubuta abin da kowa ya sani. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta biyo, kwalta ta shigo, daga baya moto mai araha ta cika ƙauyuka, gonaki kuma suka cinye makiyaya a gundumar da ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da rabin miliyan a cikinta. Wato asarar ba ta zamanin Tirmini ba ce. Ta jiya-jiyan nan ce, waɗanda suka san abin da aka rasa suna nan da ransu, dukansu sun wuce 70.

Hukumar UNESCO ta sa hawan doki irin na Faransa cikin gadon duniya a 2011, ta sa taburidar Maroko a 2021, ta sa hawan sallar Kano a Disambar 2024. Hawan Damagaram bai gaza waɗannan ba, ranar da ma'aikatan al'adu na Yamai za su haɗa takardunsa kuwa za su yi aiki mai kyau. Amma takarda abin da ake gani daga rumfar manyan baƙi take ɗauka. Tsohon masallacin Birni na Zinder da ruwan sama ya rusa a watan Satumba na 2024 kowa ya ga faɗuwarsa, an ɗauki hoto, an yi jimami. Sanin yadda ake shafa ƙafar doki da asuba ba ya ƙara in ya faɗi.

A rana ta huɗu Mushe ya yi tambayar da ya zo da ita tun farko, cikin ladabi, idonsa a ƙasa. «To, Baba, bidinka zai iya?» Alhaji ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Da safe, bayan ruwan dare, aka ɗaura sirdi, jikansa ɗan shekara 15 ya hau, suka fita bayan gari inda ruwa ya yanke wani rami da bai wuce taki ɗaya na babban mutum ba, kusa da shi kuma wani tabki mai kai wa gwiwa. Wannan bidi ne wanda ƴan bindiga ke harbi a gefen kunnensa ranar salla bai motsa ba, wanda in ya ji algaita yakan karya wuya ya shiga taƙama ba a ce masa ba, wanda har daga wasu unguwanni ake zuwa kallonsa. Da ya iso bakin ramin sai ya kafe. Ya yi huci, ya ja da baya, ya ɗaga ƙafafun gaba. Yaron ya kai masa ƙaimi, tsohon ya daka tsawa: «Kai, ja'iri, cire ƙafarka daga cikinsa!» Sau uku aka juyo da shi, sau uku ya turje. Mushe ya tuna abin da sau uku ke nufi a Bersai, ya kuwa kama bakinsa. Tabkin ma bai yarda ya jiƙa kofato ba. Ƴar sukuwar da aka yi a hanyar dawowa, wadda ba ta kai kilomita guda ba, ta sa shi ya jiƙe sharkaf, kashegari kuma aka tarar da rabin hatsinsa a ƙwarya.

Alhaji bai zagi dokin ba, bai kuma zagi yaron ba. Ya ce shekara 6 ke nan dabbar tana gidansa, tun da gwiwoyinsa suka hana shi hawa ba wanda ya kai ta gaba da filin idi, ko kilisar yamma an daina. An koya mata ta yi kyau, ta kuwa iya.

Kada mai karatu ya ɗauka ana nufin a kai dawakin Magariya Turai su kara da na Jamus. Ba za a yi ba, ko da akwai kuɗin. Annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa da damina, ta sa Turai ba ta karɓar doki kai tsaye daga wannan yanki. Ko Noor Slaoui, ƴar Marokon da ta shiga gasar Bersai, a Ingila take zaune, can take horo. Wasan kansa kuma yana da nasa tabon da masu shi ba su ɓoye ba: an yi asarar mahaya da dawaki a kan shingayen nan masu tauri, har aka koma gina wasunsu yadda za su sake in an buge su da ƙarfi, doguwar tafiyar da ta kasance zuciyar jarrabawar kuma an cire ta daga Olamfik tun 2004, saboda haka shi ma ya fara nisa da dokin aikin da ya haife shi. Abin da ya cancanci a ɗauko daga can ba shi da tsada: a rubuta abin da ake nema ga doki, a sa wanda zai duba shi, a kuma hana mai ɗingishi fita komai girman maigidansa.

Ƙasar nan ta taɓa yin irin wannan aiki, ta kuma yi shi da kyau. Kokowa wasan ƙauye ce ta bayan girbi har 1975, lokacin da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa. Aka sa mata dokoki da alƙalai da lokaci, aka gina fage a manyan biranen jihohi, ba ta kuwa zama wasan Nasara ba, ba ta rasa kirari ko laya ko makaɗa ba. Cikin kyautar da akan ba sarkin kokowa har da doki da kayansa. Ga shi nan, dabbar ta zama tukwici a wasan wasu. Sukuwa tana nan, gaskiya ne, ana yin ta a Yamai da Maraɗi da Zinder, attajirai suna zuba kuɗi suna sayo dogayen dawaki daga Sudan. Amma sukuwa gudu kaɗai take tambaya, na ƴan mintoci, a kan fili mai laushi, ɗan ƙasar nan kuwa, gajere mai jure ƙishi da rairayi, ba a nan fifikonsa yake ba. Tafiyar yini daga Magariya zuwa Bande da dawowa, da ratsa fadama, da dubawar likitan dabbobi da safe tare da dattawa biyu ko uku irin Alhaji, ba ta bukatar komai da ya wuce yardar sarki, sa hannun mai mulkin gunduma, da buhunan hatsi kaɗan daga ƴan kasuwar da ke kashe ninkin haka wajen ɗinkin jalala. Mai goɗiya a ƙauye zai sami dalilin zaɓar ingarman da zai kai mata, dillalin Maigatari kuma zai sami abin faɗa game da doki bayan launinsa.

A daren da aka tarar da rabin hatsin, Alhaji da kansa ya kira ƴaƴansa biyu zaure. Ya ce ya san lissafin da suke yi tun kafin su fara shi, bai kuma ga laifinsu ba. Ya roƙi a bar masa dokin zuwa kaka. Babban ya sunkuyar da kai ya ce: «Yadda ka ce, Baba», ya ɗauki nauyin hatsin. Kashegari tsohon ya ari wayar Mushe ya tafi maƙera, ya nuna hoton linzamin Nasara, sanda biyu masu gaɓa a tsakiya, ba harshe ba zobe. Maƙerin ya yi dariya ya ce wannan ko jaki ba zai tsayar ba, amma ya ƙera.

Tun daga ranar, kowace asuba jikan ke jan bidin a ƙasa zuwa tabkin, shi ya fara shiga ruwan ya tsaya riƙe da ragama, ba ja ba duka. Alhaji yana biye a bayan moton yaron shagon ɗansa, ƴan unguwa suna yi masa ba'a cewa mai doki ya koma kuturi. A mako na uku dokin ya sa ƙafafun gaba. A na biyar ya ratsa da yaron a bayansa, da sabon linzamin a baki. Gero ya nuna, aka yi girbi, Mushe ya koma lakkol. Maganar Maigatari ba a sake tayar da ita ba a wannan kaka, ba kuma wanda ya ce an bar ta. Ramin dai bidin bai tsallake shi ba har ruwan ya ƙafe, iskar hunturu ta cike shi da rairayi.